Na'ura Ta Ce Ba Ni Ne Mai Layina Ba

Jama'a, ku taya ni jaje, kuma kada wanda ya yi dariya sai na kai ƙarshe. Ni da hannuna na rufe wayata a cikin kujera.

Ga wanda bai san ni ba, kafinta ne ni. Wannan rubutun da kuke karantawa duk mako a kan teburin yankan katako nake yin sa, bayan na kaɗe garin zarto. Watan jiya aka kawo mini aikin kujerun kushin guda shida na wani babban ofis. Ba wai tsofaffin sun lalace ba ne, ni na yi su bara, ko ƙusa ɗaya ba ta motsa ba. Sabon Mai Girma aka kawo, kuma kun san bai dace Mai Girma ya zauna inda wani Mai Girman ya ɗumama ba. Ina cikin aikin kujera ta ƙarshe na ɗora wayar a gefen soso don kada ta faɗi, na ja yadi a kai, na bi da ƙusoshi, na ja da baya ina yaba wa kaina. Mota ta zo ta kwashe kaya. Sai da yamma na shafa aljihu na ji wayam.

Washegari na doka sammako zuwa ofishin. Mai gadi ya saurare ni tsaf, sai ya riƙe baki.

"Au, ashe taka ce? Malam, ka tayar mana da hankali! Tun ɗazu kujerar Mai Girma take kuka, sakatare ya ƙi shiga ɗakin, masinja ya ce shi dama ya daɗe yana jin motsi a wurin nan."

Na ce to alhamdu lillahi, a ba ni minti biyar in ɓalle ƙusa huɗu in zaro abata in mayar. Ya ce ina! Kujera ta riga ta zama kayan hukuma, ɓalle ta laifi ne. Sai dai in rubuta takarda zuwa ga Babban Daraktan Kujeru da Labulaye, wanda a halin yanzu ya tafi ƙasar waje da tawagar mutum goma sha biyu don nazarin yadda ake zama a can. Kwana biyu bayan haka caji ya ƙare, kujera ta yi shiru, aka ce addu'a ce ta ci.

Wayar ba abin kuka ba ce. Gilashinta ya tsage gida uku, da roba nake ɗaure bayanta, in za ta yi caji sai an jingina ta da wani abu. Lambar da ke cikinta ita ce maganar, kuma a nan wasa ya ƙare.

Inna, mahaifiyata, tana zaune da ƙanwata a wani gari, tafiyar yini guda daga nan. Shekaru sun ja, mantuwa ta shige ta sosai. Jikokinta ba ta riƙe sunan ko ɗaya ba. Ni kaina da na je gaishe ta kwanakin baya, sai ta gyara mini tabarma ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Ko ka san ɗana Dogo?" Dogon nan kuwa ni ne. Na fita tsakar gida na yi kukana na dawo. Amma lambata, wadda na riƙe shekara goma sha tara, tana nan daram a yatsunta. Kullum da safe sai ta ɗauki 'yar wayarta mai madannai, ta lalubo su ɗaya bayan ɗaya ba tare da ta duba ba, ta kara a kunne.

"Dogo, ka karya?"

In ta ji na amsa, ranar ta yi kyau, za ta ci abinci ta sha magani. In ba ta ji ni ba, sai ta ɗauki mayafi ta ce za ta je nemana. An gwada danna mata wata lamba a miƙa mata, ta ƙi, ta ce abin da ba ta danna da hannunta ba ba ɗanta ba ne. Likita ya ce kada mu wahalar da kanmu, sabon abu ba zai zauna mata ba. To kun ji abin da na rufe a cikin kujerar Mai Girma.

Maƙwabcina Tela, wanda shagonsa ke jikin nawa, shi ya ja ni kasuwar waya. Tela mutum ne da bai taɓa cewa "ban sani ba" tunda uwarsa ta haife shi. Ya kai ni wurin wani da ake kira Injiniya, duk da dai ban ga abin da ya ƙera ba sai surutu. Injiniya ya baje mini wayoyi a kan gilashi, kowace da faɗin tafin hannuna biyu.

"Baba, wannan ido huɗu gare ta a baya. In ka ɗauki hoton wata, har duwatsun da ke kansa za ka gani."

Na ce, "Ɗana, me na ajiye a wata? Ni wadda za ta yi ƙara in ji ta a kan ƙarar zarto nake so."

"To ga wannan, ƙwaƙwalwarta ta fi ta kwamfuta. Ita da kanta za ta gaya maka ka yi tafiya kaza yau, ka yi barci kaza."

"Wannan aikin ina da mai yi mini shi a gida, kyauta."

Tela ya zungure ni ya ce kada in kunyata shi, zamani ya wuce ni. Aka yi ta fafatawa, wannan batirinta kwana biyu, wannan ba ta jin ruwa, wannan in ta faɗi sai dai ƙasa ta ji ciwo. Daga ƙarshe na zaɓi wata baƙa mai ido uku, don ita ce ta shiga aljihun wandon aikina. Injiniya ya ce in ɗora babban yatsa ta san ni, ta yadda ba mai buɗe ta sai ni. Na ɗora, ta girgiza. Na sake, ta girgiza. Ya ce ba komai, sabuwa ce, kunya take ji, ya sa mini lambar sirri. Da ina da wayo da tun a nan na gane akwai magana.

Sai batun kamfanin layi. Kamfanin da nake kai tun farko mu a unguwarmu Sai-Ka-Hau-Tebur muke kiransa, don a shagona ba ka samun sabis sai ka taka tebur ka karkata kai wajen taga. Sau nawa Inna na kira ina can sama da ƙafa ɗaya kamar zakara. Na biyu shi ne Kamfanin Garaɓasa, masu ba ka kyautar data mai yawa wadda ba ta aiki sai ranar da ba ka buƙata. Na uku Kamfanin Yi-Haƙuri, waɗanda sabis ɗinsu ke shiga har ƙarƙashin gado, sai dai in ka sa kati ka juya baya ka tarar an yi maka rajistar waƙar da ba ka taɓa ji ba. Wato dai zaɓi ne tsakanin mai mari, mai naushi da mai shuri, ka duba wanda jikinka zai fi ɗauka.

Ni niyyata in koma gidana na da, a sabunta mini layina in tafi. Tela ya ce haba, ban ji rediyo ba? Mai Girma Jagoran Sauƙaƙa wa Jama'a Rayuwa, Allah ya ƙara masa jirgi, ya sanar da cewa yanzu mutum na iya ƙaura daga kamfani zuwa kamfani da lambarsa a hannu, cikin minti goma. "Minti goma, Kafinta! Ka koma Yi-Haƙuri, Inna ta kira ka kana zaune a ƙasa kamar ɗan Adam." Maganar ta shige ni. Wallahi don Inna na yarda.

Ofishin Yi-Haƙuri akwai sanyi, akwai kujeru masu kyau, duk da ba aikina ba ne. Bayan awa uku a layi na isa gaban wata malama a bayan gilashi, mai fara'a, ba ni da abin cewa a kanta. Ta ba ni fom biyu. Na farko na sallama ne, wato tsohon kamfani ya saki lambata. Na biyu na karɓa ne, wato sabon ya ɗauke ta. Na sa hannu a na farko, ta danna, ta ce, "An sake ta, Baba. Saura ka dangwala yatsa mu karɓa."

Na ɗora babban yatsa a kan 'yar na'ura mai jar wuta. Ta yi ƙara, ɗiit.

"Goge shi a riga, Baba."

Na goge. Ɗiit.

"Shafa shi a goshi, ya ɗan sami maiƙo."

Na shafa a goshi, na shafa a gefen hanci, na hura masa iska, wani dattijo a bayana ya ce in lasa, na lasa. Muka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya. Malama ta kama hannuna ta juya shi ta duba, sai ta ce, "Baba, wane aiki kake yi?"

"Kafinta."

"Ai shi ya sa. Ba ka da zanen yatsa."

Na duba hannuna kamar yau na fara ganinsa. Gaskiyarta. Shekara talatin ina goga samfefa, ina shafa gam ina ɓanɓare shi, yatsun sun yi sumul kamar bayan cokali. Lokacin da aka yi mini rajista da sauran zane, yanzu aiki ya cinye.

"To malama, ga fuskata, ga katina, ga maƙwabcina zai rantse."

"Na yarda kai ne, Baba. Na'ura ce ta ce ba kai ba ne."

"To a mayar da ni inda na fito."

"Can ma sai da yatsa za su karɓe ka. Yanzu lambarka tana tsakiya, ba ta can ba ta nan. Kwana goma sha huɗu za ta jira, in ba a karɓa ba ta koma kasuwa."

Na juya in nemi Tela, na hango shi can bakin ƙofa yana karanta wata sanarwa a bango da matuƙar natsuwa.

Aka tura ni Hukumar Tabbatar da Cewa Kai Ne Kai, hawa na uku, lif ba ya aiki tun ranar da aka ƙaddamar da shi. Na sami wani Yallaɓai yana cin gyaɗa a kan fayil. Ya saurare ni da ido ɗaya, ya ce wannan ƙaramin abu ne, suna ganin irinsa kullum, magina, masu wanki, makanikai, duk masu wannan matsalar ne.

"Ka daina aiki na sati uku, zanen zai tsiro."

"Ranka ya daɗe, sati uku kwana ashirin da ɗaya ke nan. Lambar kwana goma sha huɗu aka ba ta."

"Wannan ba sashenmu ba ne. Mu yatsa ne namu. Kwanaki suna hawa na biyar."

Na hau hawa na biyar. Suka ce su kwanaki ne nasu, yatsa yana hawa na uku. Ku duba hikima, jama'a! An zauna, an sha shayi, an kafa kwamiti, an fito da tsarin da zai gane kowa ban da wanda ke aiki da hannunsa. Wanda bai taɓa ɗaga abin da ya fi biro nauyi ba, na'ura na ganinsa za ta yi masa maraba. Allah ya saka wa manyanmu, sun gano cewa maganin talaka shi ne ya huta.

Na rufe shago. Maiɗakina ta ɗauki abin da muhimmanci fiye da likita. Safe da yamma ta lafta mini man shafawa a hannu, ta zura mini safar ƙafa a kai, ta ce kada in taɓa ko tsintsiya. Ga ni ƙato da gemu, zaune a ƙofar gida da safa a hannu, masu wucewa na yi mini sannu da jiki.

"Maigida," in ji ta, "shekara ashirin da shida ina roƙonka ka huta, ka ƙi. Ashe jira kake na'ura ta gaya maka."

Tela kuma kullum sai ya leƙo, ya sa tabaraunsa na zura zare, ya cire mini safa ya duba yatsan kamar mai duba shuka. "Ya fara fitowa, Kafinta. Ga wani layi nan siriri." Na ce in ya ƙara cewa uffan zan gwada masa ko hannun na iya mari.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke hana ni sukuni shi ne kiran ƙanwata, a wani layin wucin gadi da Tela ya ara mini na saka a sabuwar wayar. Kullum da safe Inna na danna lambarta, sai muryar matar nan ta kamfani ta ce lambar ba ta samuwa a halin yanzu.

"Yaya, yau ma ta ƙi cin abinci. Cewa take wace ce wannan marar kunyar da ke tare mata ɗa."

"Ba ta wayarki in yi mata magana."

Na ji an miƙa. Na ce, "Inna, ni ne Dogo." Sai ta ce, "Sannu, bawan Allah," ta mayar wa ƙanwata. A rana ta tara, ƙanwata ta shiga wanka ta fito ba Inna. Sai bayan awa biyu wani mai shago ya gane ta a bakin tasha, takalmi a hannu, tana tambayar direbobi motar da ke zuwa wurin Dogo. Da aka gaya mini, na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. In tafi, ba za ta gane ni ba, kuma kwanakin lamba na tafiya. In zauna, ga abin da ke faruwa. Na zauna ina kallon babban yatsana ina roƙonsa.

Rana ta goma sha biyu na ce ko ya tsiro ko bai tsiro ba zan gwada. Na je, aka ce ba sabis. A ofishin kamfanin sabis! Rana ta goma sha uku na bi layin mai tun safe don in samu na zubawa a babur, na isa na tarar da ƙofa a rufe, an manna takarda: ma'aikata sun tafi taron bita kan kyautata wa abokan hulɗa. Rana ta goma sha huɗu na riga mai shara zuwa. Sai ga motoci da jiniya, wai Mai Girma Jagoran Sauƙaƙa wa Jama'a Rayuwa zai zo duba yadda shirin minti goma ke tafiya. Aka kore mu, mu masu layin gaskiya, zuwa bayan katanga don kada mu ɓata hoto. Aka sauke wasu mutane daga bas, tsaf-tsaf da su, aka jera su suna murmushi. Ta saman katanga na hango Mai Girma ya dangwala yatsansa mai laushi, na'ura ta yi kore nan take, aka yi tafi. Da ya tafi aka ce ma'aikata sun gaji, sai gobe.

Gobe ta yi. Na cire safa, na yi bisimilla, na ɗora yatsa. Wuta ta yi kore.

"Barka, Baba!" in ji malama. "Kai ne!"

"Na gode da kika sanar da ni. Lambata fa?"

Ta danna, ta danna, fara'arta ta ragu. "Wa'adinta ya cika jiya da aka tashi aiki. Ta koma kasuwa."

Tunda nake a duniya, an yi mana alkawarin ruwa, an yi na wuta, an yi na titin unguwarmu har sau huɗu da ganga da rawa. Ban taɓa ganin wa'adin da aka cika a kan lokaci ba sai wannan, ko minti ɗaya bai ƙara ba. Wa ya ce ba a aiki?

Kwana uku na kasa gaya wa ƙanwata. A na huɗu ita ta kira, cike da murna.

"Yaya, Allah ya saka da alheri! Ashe ka gyara shi ne ka yi shiru? Kwana biyu ke nan Inna na hira da kai, tana cin abinci, jiya har dariya na ji tana yi."

Na ce, "Da wa?"

"Da kai mana."

Na kashe, na danna lambata ta shekara goma sha tara. Ta shiga. Wata murya mai kauri ta yi sallama, ina jin ƙarar injin iska a bayansa.

"Don Allah da wa nake magana?"

"Mai faci ne, na bakin babban titi. Taya ce?"

"Ba taya ba ce. Wannan lambar tawa ce. Akwai wata tsohuwa da ke kira da safe..."

"Allahu akbar! Kai ne Dogo?" Ya kashe injin. "Malam, ka yafe mini. Ranar farko na ce mata ba shi ba ne, sai ta fara kuka. Ni kuma tawa uwar ta rasu shekara uku ke nan, ba wanda ya ƙara tambayata ko na karya. Da ta sake kira sai na ce na karya, Inna. Ni gajere ne ma, wallahi, amma na amsa."

Sai na tambaye shi yadda aka yi na'ura ta karɓi yatsansa, shi da ke fama da gam da roba.

"Wane yatsa? A ƙarƙashin lema na saya a bakin kasuwa. Mai sayarwa ne ya dangwala nasa, ya ce duk layukan da ke tiren nan da yatsansa suke. Ko minti biyar ban yi ba."

Kun ji. Ashe shirin minti goma gaskiya ne, ni ne na bi ta ƙofar da ba ita ba.

"Me kuke cewa da ita?" na tambaya.

"Hira kawai. Ta ba ni labarin wata akuya da kuka taɓa yi mai cin sabulu, ta ba ni sau uku, kowane karo sai na yi dariya. Ni kuma in gaya mata motocin da suka tsaya. Jiya mun yi kusan minti arba'in, har wani direba ya yi fushi ya tafi."

Minti arba'in. Na tsaya ina lissafin nawa kiran. Shekara da shekaru, in ta ce na karya, sai in ce na karya, Inna, ina kan aiki, sai anjima. Yawanci da ƙusa a bakina nake faɗa. Ban tuna ranar da muka cika minti ɗaya ba. Kunya ta kama ni a gaban mutumin da ban taɓa gani ba.

Bawan Allah nan bai ja ba. Ya ce in zo in karɓi layin, haƙƙina ne. Na hau mota na same shi a ƙarƙashin wata bishiya, gajere kamar yadda ya faɗa, hannunsa ya fi nawa lalacewa. Ya zare layin ya naɗe mini a takarda. Na yi na yi ya karɓi wani abu, ya ƙi. Da zan tafi ya ce, "In ta zo wurin da akuyar ta yi kumfa a baki, ka yi dariya. Tana jira a wurin."

Washegari na buɗe shago, na sa layin a cikin baƙar wayata mai ido uku, na ajiye ta a kan tebur ina kallo. Ban taɓa guduma ba. Wajen ƙarfe takwas ta yi ƙara.

"Dogo, ka karya?"

"Na karya, Inna."

Ina jin numfashinta.

"Au," ta ce. "Kai ne mai saurin nan. Ina ɗayan, mai hira?"

Na jawo benci na zauna. Na ce, "Ya tafi aiki, Inna. Ya ce in zauna a madadinsa. Yau ba inda za ni."

"To," in ji ta, kamar ba ta gama yarda ba. "Na taɓa ba ka labarin akuyarmu?"

Akuyar nan ni na yi kiwonta, ni ta ci wa sabulu. Na ce, "A'a, Inna, ban taɓa ji ba."

Mun yi minti hamsin da biyu. Wayar ce ta gaya mini, kun san ƙwaƙwalwarta ta fi ta kwamfuta.

A takarda dai, har yanzu layin na wani mai lema ne da ba wanda ya san inda ya koma, kuma an ce amfani da layin da ba sunanka laifi ne babba. Saboda haka in kun ji an kama wani kafinta da laifin satar lambar kansa, ni ne. Kada ku wahalar da kanku neman beli. Ku dai roƙa mini Yallaɓan da ya kama ni ya bar mini wayar daga ƙarfe takwas zuwa tara, ina da hira.